Ƙarar da Na Kai Baba Ummaru Makaniki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ma na so in manta tsofaffin abokan aikina ba za su bar ni ba, da ranar da na tsaya a bakin hanyar Kwalkwalawa rungume da rediyo, gumi na tsiyaya har cikin takalmina, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da can haushin mota nake ji, da na makaniki. Yanzu kuwa na san wanda ya cancanci haushin, kullum safiya ina ganinsa a madubi.

Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin mai suka yi yawa har gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su. Ni ina sabon malamin gona a Sakkwato, na fito daga makaranta da takarda a hannu, da girman kan da ya fi takardar nauyi. Ma'aikatarmu ta sayo motocin shiga daji, irin masu ƙirar akwati da ke ja da ƙafa huɗu, aka ba ni ɗaya in riƙa zagaya gonakin shinkafa na fadama. Aka ce a haɗa ni da direba, na ce ba na so. (Wata uku kacal da samun lasina, amma a ganina duk garin babu wanda ya kai ni iya riƙon sitiyari.)

Abu biyu nake ji da su a wancan lokaci. Na farko rediyona mai jakar fata da maratayi, wanda na saya da aka yi mana ƙarin albashi. Ba na taka ko'ina sai da shi, kuma a cikin mota na samo masa wurin rataya mai kyau kusa da ƙafata. Na biyu ruwan sanyi. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato ya san direbobi kan cika salka, wato jakar ruwa ta fatar akuya, su rataya a jikin mota iska ta yi ta bugunta, kafin a isa ruwan ya yi sanyi ƙalau. Kowa ɗaya yake ratayawa. Ni da yake komai nawa sai ya fi na kowa, uku na saya, manya, har na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. In na dawo daga daji sai na fara biyawa gida Tudun Wada, in sauke wa Inna salkunan, in ajiye rediyo, sannan in mayar da mota gareji.

Ban yi wata guda ba motar ta fara yi mini wulaƙanci. Irin waɗannan motoci sandar giya biyu gare su: babba wadda kowa ya sani, da 'yar ƙarama a gefe wadda ake ja in za a shiga yashi ko taɓo. To wannan ƙaramar ce, da zarar na bar kwalta na shiga gargada, sai ta fita da kanta ta koma firi. Inji ya yi ta kururuwa, mota na tsaye cik. In tura ta, in yi 'yar tafiya, ta sake fita. Kafin in ankara allurar zafi ta hau ja, lagireto na tafasa, tururi na tashi ta bonet. Wata rana a gaban manoma sama da goma ta yi mini haka, har wani dattijo ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, ko a kawo mini jaki. Ranar na shuri taya har sai da farcen babban yatsana ya fita.

Makanikin garejinmu Baba Ummaru ne, mutumin Unguwar Rogo, dattijo mai furfura wanda ya fara riƙe sifana tun kafin a haife ni. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya ya fara cin fansho. Ba ya karanta boko, amma in ya kara kunne a jikin inji sai ya faɗa maka abin da ke damunsa.

Na shiga garejin ina huci na ce, "Baba, motag ga ta lalace. Giya na hita, inji na tahwasa."

Ya zagaya ta, ya hau, ya yi tafiyar kusan awa da ita har cikin yashi, ya dawo ya ce, "Malam, lahiya lau take. Ko kana taɓa ƙaramar giya da ƙahwa ba ka sani ba?"

Wannan tambaya ta ƙona mini rai. Ni, mai takarda, a ce ban san inda ƙafata take ba? Na ce masa ban taɓa taɓa ta ba, kuma gaskiya na faɗa. (Wannan ne abin takaicin, duk tsiyar da na tafka ban yi ƙarya a kan mota ko sau ɗaya ba.)

Bawan Allahn nan babu abin da bai yi ba. Ya canza fanbel. Ya sauke lagireto ya wanke shi fes, ya duba robobin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya sa sabon murfi. Ya ciro ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ya dafa shi a tukunya a gabana don in ga yana buɗewa. Ya juye man giya ya zuba sabo, ya daidaita kuloci. Da na sake dawowa ina zage-zage, ya sauke giyabos gaba ɗaya, ya baje shi a kan tabarma, ya kwana huɗu yana duba haƙoransa.

Ya ce, "Ko haƙori guda bai ci ba. Mi kaka yi mata in kun hita?"

Na ce, "Tuƙi nika yi mata, mi kuma?"

A hannunsa mota lafiya, a hannuna mota hauka. Mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na yanke hukuncin cewa tsohon nan yana cire sababbin kaya yana sa mini tsofaffi, kuma da gangan yake yi don ya nuna wa duniya ɗan boko bai iya mota ba.

A daidai lokacin ne gwamnatin soja ke share ma'aikata. Kowace la'asar sai a taru a gindin rediyo (nawa, mafi yawan lokuta) a ji sunayen waɗanda aka kora nan take, ba fansho ba komai. An kafa kwamitin binciken kayan gwamnati a ma'aikatarmu, wani Manjo ke shugabanta. Cikin fushi na zauna na rubuta masa rahoto shafi biyu, da Turancin da na fi ji da shi. Na ce makaniki ya tsufa, ya kasa aiki, kuma akwai alamun yana karkatar da kayan gyara. Na sa hannu na miƙa, na ji sanyi a raina.

Bayan kwana uku sai ga Baba Ummaru a ofishina, riƙe da takardar tuhuma, hannunsa da baƙin mai. Ya cire takalmi a bakin ƙofa.

Ya ce, "Malam, taimaka ka karanta mani wagga. An ce daga wurin soja tah hito."

Na karɓa na fassara masa tsaf. Kalmomina ne aka kwafa a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama sai na girgiza kai na ce, "Kai, mutane ba su da tsoron Allah, Baba." Ya kalle ni, ya ce na gode, ya ninke takardarsa ya fita.

Ranar Laraba aka kira mu gaban kwamiti. Manjo mutum ne gajere marar yawan magana, da sanda a hammata. Ya tambayi Baba Ummaru ko yana da abin cewa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, roƙo guda gare ni. A bari Malam shi shirya motar yadda yaka shirya ta kullum, mu tai tare. Ban taɓa ganin hitarshi ba."

Na ji daɗi har cikin raina, na ce yau tsoho ya kai kansa. Na garzaya gida na ɗauko kayana. A gaban Manjo da Baba Ummaru da ma'aikatan da suka fito kallo, na jera salkunan nan uku a tsakiyar hancin mota, daidai ragar da iska ke shiga (a nan iska ta fi bugawa, ai ni na gano wannan dabara), na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu na ɗaure tamau. Na shiga, na saƙala maratayin rediyo a kan ƙaramar sandar giya kamar kullum. Na hangi Baba Ummaru ta madubi ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe, ya hau baya ya zauna, Manjo kuma ya zauna gefena.

Muka bar gari, muka bi ta inda ake aikin ginin jami'a, muka sauka daga kwalta. Rami na farko rediyo ya yi lilo. Rami na biyu ya sake yi. A na uku giya ta fita, inji ya kama kururuwa. Na tura ta da ƙarfi, da rediyon yana reto a jikinta yana rera waƙa, ina cewa, "Ranka shi daɗe ka gani ko?" Ta sake fita har sau huɗu. Kafin mu kai Kwalkwalawa allura ta hau ja, tururi ya turnuƙe gilashi. Na taka birki, na diro, na buɗe hannuwa kamar wanda ya ci shari'a.

Na ce, "To ga shi nan. Wata biyu ke nan ina hwaɗi, an ce ban iya mota ba. Yanzu sai shi yi bayani."

Baba Ummaru ya sauko a hankali, ya kwance buhu, ya sauke salkunan ya jingine su a gindin wata bishiyar bedi. Ya jira injin ya huce, ya zuba masa ruwa daga salkata. Sannan ya leƙa ciki, ya zare maratayin rediyo daga kan giya, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Riƙe kayanka, Malam. Nauyinshi ka jan giya. Waɗanga kuwa sun toshe mata hanci, ba ta samun iska."

Ya hau, Manjo na gefensa, suka bar ni a tsaye. Ina kallo suka shiga gargadar da ta fi kowace muni, suka ratsa yashi, suka zagaya fadama, suka ɓace. Manoma suka fara taruwa. Dattijon nan mai jaki ma sai ga shi, ya gaishe ni da aiki, ya roƙi ruwan sanyi. Rediyo na ƙirjina yana ta waƙa, na ma kasa tuna yadda ake kashe shi. Bayan kamar rabin awa suka dawo, mota na tafiya sumul, allura ko motsi ba ta yi ba.

Manjo ya sauko, ya zaro rahotona daga aljihu, ya miƙo mini.

Ya ce, "Karanta da ƙarfi, ka fassara masa da Hausa. Har sunan wanda ya rubuta."

Na karanta. Na ce ya tsufa, na ce ya kasa aiki, na ce yana karkatar da kaya, a gaban manoman da nake koya wa zuba taki. Da na zo kan sunana, da ƙyar na faɗe shi. Ban iya ɗaga ido ba. Na jira in ji salati ko zagi.

Baba Ummaru ya ce, "Ranka shi daɗe, ai na sani tun rannan."

Na ɗago kai.

Ya ce, "Ranar da nik kai mashi takarda, ya karanta mani ita tun daga sama har ƙasa, bai dubi takardar ba ko sau biyu."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Wato tsohon nan ya san ni ne, ya ji na ce mutane ba su da tsoron Allah, ya ce na gode, ya sa takalminsa ya koma ƙarƙashin motata.

Manjo ya yaga rahoton gida huɗu ya zuba mini a aljihun riga. Ba a kore ni ba, don Baba Ummaru ya ce ƙuruciya ce, a bar ni. Amma aka karɓe makullin, aka haɗa ni da direba, kuma aka yanke mini wata uku ina zuwa gareji kowace safiya ina wanke wa Baba Ummaru sifanu da kananzir. Sunan Malam Salka da aka laƙaba mini kuwa ya bi ni har na yi ritaya, yanzu jikokina ma sun ji shi a bakin wani munafuki. Shi Baba ya cika shekarunsa biyu, ya karɓi fanshonsa, bai taɓa tayar mini da maganar ba har Allah ya yi masa rasuwa. Wannan shirun nasa ya fi komai ci mini rai, don ko damar yin fushi da shi bai ba ni ba.

Tun daga nan, duk abin da ya lalace a hannuna, ko mota ko fanka ko zumunci, kafin in nemi wanda zan kai ƙara sai na fara duba abin da ni na rataya masa. Rediyon na nan a ɗakina har yau, yana aiki. Ban sake rataya shi a jikin komai ba sai ƙusa.