Tagar Uban 'Yan Haya

Masha Allah, duk unguwarmu babu mai tausayi kamar maigidan nan da ya raɗa wa kansa suna Uban 'Yan Haya. Ga tsoron Allah: carbinsa ma ba ya fito da shi sai ya ga mutane, don kada a rasa abin koyi.

Ilimi kuwa ba a magana. Fumfuna ta cinye bangon ɗakin wata tela da ke haya a gidansa, baƙi ƙirin tun daga ƙasa har rufi. 'Yarta ƙarama ta kama tari, numfashinta na fita kamar ana busa usur. Likita ya ce ɗakin ne. Da tela ta kai kuka, Uban ya zo ya tsaya bakin ƙofa, hankici a hanci. Kunya ce da shi, ba ya shiga ɗakin mata.

"'Yata, bango ba ya ciwo," in ji shi. "Numfashinku ne ya yi yawa. Kuna shaƙa kuna fesarwa ba hutu, gini ya yi yaya? Ku rage."

Bai bar su haka ba, Allah Ya saka masa. Ya aiko da babban hotonsa aka rataya inda ya fi baƙi. Ba a jima ba fumfunar ta hudo ta yi wa hoton gemu.

Da aka kwantar da yarinyar a asibiti, tela ta kirawo duba-gari. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Uban ya iso yana ƙamshin turare.

"Ranka ya daɗe, shigo mu rufe ƙofa, ka yi mana bayani a tsanake," in ji duba-gari.

Ido ya yi yawa, dole ya shiga. Ya gyara murya: "Iskar ɗakin nan magani ce. Ni da kaina na..." Sai atishawa. Sai tari. Ido ya yi jajir, hula ta faɗi.

"Taga! Ku buɗe taga, za ku kashe ni!"

"Wace taga, Baba?" in ji tela. "Wadda ka toshe da bulo ka gina shago a bayanta?"

Duba-gari bai saki ƙofar ba sai da aka aika kiran magini da gudumarsa.

Yarinya ta dawo gida, tari ya lafa, alhamdulillahi. Shi kuwa Uban, duk wanda ya gamu da shi sai ya ji labarin tagar da ya ba marainiyar Allah sadaka.