Yadda Za Ka Nuna wa Dangi Jirgin Ƙasan da Ba Ya Motsi

Duk wanda ya bi wannan hanya zai fita da mutuncinsa, tabbas. An gwada ta a kan Imrana, ɗan Galma da ya yi karatu a Turai, ya dawo da jirgin ƙasa na wasa a kwali. Uwarsa Tabawa ta riga ta shaida wa gari cewa tuƙin jirgi ɗanta ya koyo, ta kuma gayyaci matan unguwa ranar Juma'a su gani da idonsu. Yi yadda ya yi.

1. Sayi kayan a wuri biyu

Kan jirgin na wani kamfani, akwatin ba da umarni na wani. A cikin kan jirgin akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai karɓar umarni ta layin dogo, kuma kowane kamfani da yaren da ya koya wa tasa. Mai kanti zai ce duk suna jituwa. Kada ka gwada a gabansa, rashin kunya ne. Imrana bai gwada ba sai da ya shimfiɗa layin a kan tabarmar uwarsa. Fitilar akwatin ta kama. Jirgi bai motsa ba.

2. Ɗora wa wuta laifi

Ka ce kuran ɗin Galma, wato wutar lantarki, bai kai na Turai nauyi ba. Ba mai musu. Sai dai ka kula da masu taimako: Kawu Jika ya ciro batirin babur ɗinsa ya kawo. Fitila ta ƙara haske.

3. Yi maganar nan gaba

Nan gaba wuri ne mai faɗi, komai yana aiki a can.

"Inna, kamfanonin suna shawara. Nan gaba yare guda za su yi, ko da salula ma sai a tuƙa shi."

"Nan gaba kahin Juma'a, ko bayanta?"

Imrana ya goge layin dogo da hannun riga.

4. Ranar taro, danna da natsuwa

Danna maɓalli, ka kasa kunne, ka gyaɗa kai. Mutum mai gyaɗa kai ba a cika tambayarsa ba. Wannan bai shafi Lalla ba, maƙwabciyar da ɗanta ke jan babbar motar albasa.

"Tabawa, wanga shi na jirgin? Mi ya hana shi tashi? Motar ɗana ko turi anka yi mata tana tahiya."

5. Rufe bakinka, ka bar uwarka

Tabawa ta duƙa ta leƙa tagogin taragu.

"Ke Lalla, kin taɓa ganin mota ta bar tashar Madawa ba ta cika ba? Duba kujerun. Ba kowa ciki."

Mata suka leƙa. Ba kowa. Wata ta ce ita ma ta taɓa zama cikin motar Buza tun hantsi har la'asar ana jiran mutum guda. Kowa ta kawo nata labarin. Aka yaba wa direban da ba ya ƙona mai a banza, aka sha fura, aka watse. Tabawa ta raka su har ƙofa, kanta a sama.

6. Kada ka yi saurin murna

Washegari Lalla ta yi sallama da faranti a rufe. Ta buɗe: 'yan mutane na laka, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ta gasa su a murhu. Har da mai rawani, har da mai goyo. Ta zauna ta cusa su ta taga, ɗaya bayan ɗaya, sai da kujeru suka ƙare. Ta ɗora ragowar a kan rufi.

"To, direba, ga shi ya cika. Mu zo yaushe?"

Tabawa ta dubi ɗanta. Fitila tana ci.

Gargaɗi

Tabbacin da aka bayar a sama na ranar Juma'a ne kaɗai. Mai wannan rubutu ba shi da hannu a abin da Asabar ta kawo, ko a maƙwabciyar da ta iya laka. Masu neman ƙarin bayani su tuntuɓi Imrana a Urno, inda ya tafi gaishe da wata gwaggo da bai taɓa ambata ba.