Zumar Tabawa da Tafiyar Arlit

"Lafiya lau, sai tarin nan da ya ƙi sakina," in ji Tabawa, tana gyara zama a ƙofar ɗakinta.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, rumbunan Ollelewa duk wayam. Ta aiki jikanta Yahuza kasuwar Belbeji ya sayo mata zuma, ga shi ya dawo da kwalba a hannu. Tun jiya kuma ta ji ƙishin-ƙishin wai zai bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Arlit neman aiki, bai ko faɗa mata ba.

"Tari ne ko tsufa?" in ji Yahuza. "Ni dai an cuce ni, an ba ni mata ba haƙori."

"A ƙashin da kake kawo mini da sunan nama suka ƙare, mijin banza. Miƙo in gani."

Ta tsoma yatsa ta lasa, tana juya harshe.

"Wannan da ɗan bauri. Ko ka leƙa cikin kwalbar ne?"

"Mai zumar ya ce furen aduwa da na gawo ƙudan zuman suka sha."

"To abin da ke ɗaure mini kai ke nan. Ƙasa ta bushe har akuya na cin tsumma, su ƙudan zuma ina suke samun fure?"

"Na tambaye shi. Ya ce da sassafe suke fita, su wuce juji, su wuce mahauta, ba su sauka ba sai sun kai itatuwan kwarin Tarka."

"Su wuce mahauta? Ashe ba danginku ba ne. Ku ƙudan gida ne, duk inda aka buɗe kwano kun sauka."

"Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, shi ya sa nake gudun miyarki."

"To wa ke nuna musu hanya?"

"Wai guda ne ke fara ganowa, ya koma ya sanar da 'yan'uwa."

"Ba ya shanyewa shi kaɗai?"

"A'a."

"Lallai ba ɗan Adam ba ne."

Ta rufe kwalbar a hankali. Tambayar da ta hana ta cin tuwo jiya ta taso mata, ta yi ta ba tare da ta dube shi ba.

"In ya yi nisa haka, can yake kwana?"

Yahuza ya sosa ƙeya, ya san an kama shi.

"Ba ya kwana a daji, tsohuwa. Ko ina ya kai, gida yake komowa da abin da ya samo."

"Arlit fa, akwai fure?"

"Akwai aiki. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Bana gonarmu ko iri ba ta mayar ba."

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kawunka Lawali ma da daɗin baki ya tafi, har yau ko saƙon goro ban gani ba."

"Kawu ƙuda ne, ya sami kwano ya faɗa ciki. Ni kafin a yi shuka ina nan. Wa zan bar wa amaryata? Ga tsoho Dado kullum yana kewaya gidan nan da sandarsa."

"Dado ya fi ka. Ko ba komai, shi in zai je bayan gari ma sai ya yi mini sallama."

Yahuza ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tabawa ta daɗe tana dubansa, sannan ta dafa ƙasa ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito da tsohuwar salkar ruwa, fatar ta yi baƙi don shan mai, ta ɗora masa a cinya.

"Ungo. Ta kakanka ce, ta sha zuwa Agadas ta dawo ba ta taɓa yoyo ba. Aro na ba ka, ba kyauta ba."

"In na sayar da ita fa?"

"Ka sayar. In damina ta faɗi ban gan ta a rataye a nan ba, sai in ce wa Dado ya turo magabatansa."

Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta kasa riƙe tata.