Bindigar Goshi Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abin riƙewa, ni maigadin babbar ƙofar makarantar sakandaren nan nake sanar da shugabar makaranta, da malamai, da iyaye, da ɗalibai tun daga aji ɗaya har aji shida, rasuwar abokiyar aikina, na'urar auna zafin jiki, wadda yara suka fi sani da Bindigar Goshi. Ta rasu ranar Litinin da ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe, a hannuna, a bakin aikinta, bayan jinyar kwana huɗu. Watanta goma sha ɗaya tare da mu.

Marigayiya ta zo mana cikin wani ƙaramin kwali, mako guda kafin a sake buɗe makarantu bayan dogon kullen annoba. Ranar aka tara mu ma'aikata a ɗakin taro, wata ma'aikaciyar lafiya ta karanta mana dokokin komawa makaranta. Takunkumi a hanci, ba a haɓa ba. Tazarar taku biyu a layi. Wanke hannu kafin shiga aji. Ba musabaha, ba runguma, ba aron biro. Kuma ba mai ƙetare ƙofa sai an auna goshinsa. Da aka zo kan wa zai riƙa aunawar, malaman nan da ke da ra'ayi a kan komai sai kowa ya samu abin kallo a silin, don ba mai son tsayawa gaban numfashin mutum ɗari takwas kowace safiya. Shugaba ta waiwaya can bayan ɗaki ta ce, "A ba Baba." Haka aka haɗa mu. Ni ba a tambaye ni ba, ita ma ba a tambaye ta ba.

Sai na faɗi abin da ta yi min, don a san girman rashin. Shekara goma sha bakwai ina buɗe ƙofar nan ina rufewa. Yaro kan wuce ni yadda yake wuce turken lantarki. Malami mai mota ya danna hon, in buɗe, ya shige gilashi a rufe. Akwai wanda muka yi shekara tara tare, bai taɓa jin muryata ba sai a kan "a sauka lafiya". Amma daga ranar da na riƙe marigayiya, babba da yaro sai ya tsaya a gabana, ya ture hula baya, ya sunkuyo. Kuma da yake da kunya mutum ya miƙa wa dattijo goshi bakinsa a rufe, sai gaisuwa ta biyo baya: Baba ina kwana, Baba ya aiki, Baba ya ƙafar. A makon farko na koma gida muryata a dishe, matata ta ja da baya tana cewa cutar ta kama ni. Na ce mata kwantar da hankalinki, gaisuwa ce ta yi min yawa. Na san goshin kowa a makarantar nan, mai tabo da mai ƙuraje da mai tamke shi tun da sassafe kamar an yi masa laifi a mafarki.

Marigayiya ba ta da yawan magana. Kalmarta ɗaya ce: ɗit. In ta ce ɗit, fuskarta ta yi kore, ka wuce. In ta ce ɗit-ɗit-ɗit ta yi ja, to ko kai ka gina makarantar, benci na jiranka a ƙarƙashin bishiya. Ba ta san ɗan mai kuɗi ba, ba ta san ɗan malami ba. Wata Laraba da tsakar rana shugaba da kanta ta dawo daga taro cikin motar da ta sha rana, marigayiya ta dube ta, ta yi ja. Na sake aunawa, ta sake yin ja. Na ce, "Ranki ya daɗe, doka ce, kuma ke kika sa hannu." Ta zauna minti goma a benci, jaka a cinya, tsakanin wasu 'yan aji biyu da aka koro saboda rashin takunkumi. Ba wanda ya yi ko tari. A karo na uku aka samu kore. Tun daga ranar, tun daga kwanar titi take sauke gilashi don goshinta ya sha iska.

Marigayiya ta sha wahala a hannun 'yan aji biyar, Allah ya shirye su. Duk ranar gwajin lissafi, zazzaɓi kan sauka a ajin nan gaba ɗaya. Sai da na bi sawu na gano cewa su bakwai suke sayen shayi kofi ɗaya a bakin titi, ba don su sha ba, sai don kowa ya manna shi a goshi ya rugo ƙofa kafin ya huce. Ita kuwa ba ta ƙarya, abin da ta gani take faɗa. Ta ba wani siririn yaro digiri arba'in da uku, yana tsaye idanunsa na dariya a saman takunkumi. Na ce masa, "Ɗana, da wannan zafin ai ba gida za ka ba, kicin za a kai ka a dafa ƙwai a kanka." Daga nan muka fito da tsarin aunawa sau biyu, goshi sannan wuya, lafiya ta dawo aji biyar. Malamin lissafi ya tako har ɗakina ya yi godiya.

Akwai kuma ranar da ba wasa. Wata 'yar aji shida, yarinya mai natsuwa, ta zo ranar babbar jarrabawarsu. Goshi ja. Bayan hutun benci, ja. Wuya, ja. Ta ce, "Baba don Allah, yau kaɗai, wata biyu na yi ina karatu." Ina da 'ya sa'arta. Zuciyata ta ce ƙyale ta, marigayiya ta ce ɗit-ɗit-ɗit. Na bi maganar marigayiya, na raka yarinyar ɗakin killacewa tana kuka, ni ma ranar abinci bai shige ni ba. Gwaji ya nuna tana ɗauke da cutar. Ta yi mako biyu a gida ta warke, aka ba ta jarrabawarta ita kaɗai, kuma a ajinsu mai mutum arba'in, har da malaminsu mai ciwon asma, ba wanda ya kwanta. Mahaifiyarta ta zo har ƙofa, ta tsaya taku biyu nesa, tana min godiya sai ka ce ni likita ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma da ta tafi na shiga ɗakina na share ido da takunkumi.

Yanzu zan zo kan jinya, kuma ba zan ɓoye komai ba, tunda mutum sittin suka gani da idonsu. Ranar Alhamis malamin motsa jiki ya iso ƙofa, takunkuminsa na riƙe masa gemu kamar kullum. Na ɗaga marigayiya, ya sunkuyo, sai atishawa ta ƙwace masa, irin tasa da ake jiyowa daga filin ƙwallo, ta sauka tsaf a idonta. To doka ta biyar a allon da ke jikin ƙofa, allon da ni na buga wa ƙusa, dokar da nake karanta wa yara har sun haddace ta da muryata, cewa ta yi duk abin da aka yi wa tari ko atishawa a wanke shi da ruwa da sabulu na daƙiƙa ashirin. Ba ta ce ban da na'ura ba. Na kai ta gaban bokitin wanke hannu, na buɗe famfo, na sa sabulu, na cuɗe ta gaba da baya har tsakanin maɓallai. Makararrun da ke layi suka taya ni ƙirga da baki ɗaya, ɗaya har ashirin, da muka gama suka tafa. Malamar kimiyya na tsaye a wurin, ta nuna ni ta ce wa yara, "Kun ga tsafta? Ku yi koyi da Baba." A cikinmu duka, masu takardun boko da marasa su, ba wanda ya ce tsaya.

Da farko kamar ba komai. Kafin a tashi muryarta ta dishe, ɗit ya koma ɗiii. Ranar Juma'a ta fara sambatu. Ta ba shugaban ɗalibai digiri ashirin da tara yana tsaye da ƙafafunsa. Ta ce turken ƙofa na zazzaɓi. Ta yi wa karen maƙwabta kore, ta yi wa 'yan aji ɗaya su ashirin ja a jere, har benci ya cika aka ɗauko wani daga aji.

An yi iya ƙoƙari, kuma ina gode wa kowa. Malamin koyar da aikin lantarki ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo yana gyaɗa kai, ya mayar ya rufe, ƙusa ɗaya ta yi saura a kan tebur. Mai dafa abincin makaranta ta binne ta cikin buhun shinkafa ta kwana biyu, wai shinkafa na tsotse ruwa. Ranar Lahadi na shanya ta a rufin ɗakina, ina zaune a ƙasa ina korar tsuntsaye. Mai gyaran waya na tsallaken titi kuwa shinshina ta kawai ya yi, ya ce, "Baba, wa ya yi mata wanka?" Na ce masa ba abin da na zo ji ke nan ba.

Ranar Litinin na sa mata sabbin batura na fito da ita, don ba ta taɓa fashin aiki ba. Ta auna mutum goma sha ɗaya, duk ta ba su lamba ɗaya. Na goma sha biyu wani ƙaramin ɗan aji ɗaya ne, ya miƙo goshi idonsa a rufe kamar yadda yake yi kullum. Na danna. Fuskarta ta yi kore, ta yi ja, ta yi wani launi da ban taɓa gani ba, ta fara ɗit ɗinta ba ta ƙarasa ba. Yaron ya buɗe ido ya ce, "Baba, in wuce?" Na ce wuce, ɗana.

Ta rasu ta bar batura biyu, marayu, da ba su yi ko awa guda tare da ita ba. Ta bar yayanta bokitin wanke hannu, wanda ke ɗiga tun kafin rasuwar, don haka kada a ɗauka kuka yake yi. Ni da shi ba ma magana a halin yanzu. Ta bar sabulun da aka ɗaure da igiya don kada ya bi yara gida, da kwalbar sanitaiza da aka sha ƙara wa ruwa har ta manta asalinta. Ta bar da'ira talatin na farin fenti a ƙasa, inda ya kamata ɗalibai su tsaya ɗaya-ɗaya amma suke tsayawa uku-uku. Ta bar takunkumi kusan ɗari takwas, yawancinsu mazauna haɓa, wasu a aljihu, ɗaya a saman bishiya tun zangon farko. Ta bar allon dokoki, wanda aka ƙara wa doka ta biyar wasu kalmomi da jan fenti. Sannan ta bar ni.

Shugaba ta yi min ta'aziyya yadda ya kamata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce in kwantar da hankalina, tun ranar da marigayiya ta fara sambatu aka yi odar wata ta zamani, irin wadda ake kafawa a bango. Yaro ya kai goshi, ta auna da kanta, ta yi magana da kanta, ba ta bukatar hannun kowa. Ta ce, "Ka ga Baba, ka huta." Na ce na gode, ranki ya daɗe. An kafa ta jiya, taku goma daga kujerata, a ɗaya gefen ƙofar. Yau da safe layi ya karkata can, yara na miƙa wa bango goshi suna shigewa ta bayana. Mutum ɗari takwas suka shiga, huɗu suka yi min magana, ɗayansu ma tambaya yake ko na ga gorar ruwansa. Ba na hassada da sabuwar, aikinta take yi, kuma ina mata fatan nisa da bokiti. Amma ina jin tsoro, kuma gara in faɗa a fili: tsoron in ƙarasa shekarun aikina a kujerar nan ba mai kallon fuskata.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da ƙarfe biyu, bayan an tashi, mako guda cif da wankan. Za a mayar da marigayiya cikin kwalin da ta zo da shi, tare da takardar bayaninta, wadda sai yanzu 'yata ta karanta min, inda aka rubuta da ƙananan haruffa cewa kada ruwa ya taɓa ta. Daga ɗakina za a ɗauke ta zuwa siton da ke bayan ɗakin karatu, a ajiye ta a kan kantar sama, tsakanin tsohuwar tafireta da ƙararrawar da ta tsage. Masu rakiya su sa takunkumi a hanci, su bar taku biyu tsakaninsu, kada su wuce mutum ashirin. Ba musabaha. Malamin motsa jiki zai iya halarta, amma daga can bakin filin ƙwallo. Kada kowa ya zo da ruwa.

Zaman makoki kuwa a bakin ƙofa ne, a kujerata, daga ƙarfe bakwai na safe, kuma ban sa ranar tashi ba. Ba a bukatar kawo komai. Wanda ya gama da bango, in yana da daƙiƙa biyu, ya ratso ta wajena ya ce Baba ina kwana. Ba abin da zan auna. Zan amsa ne kawai.