Rasuwar Mai Farar Safa, Babur ɗin Almustapha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da Allah ya hukunta, iyalan Almustapha mai ɗinkin komar kamun kifi, na wata tunga a bakin ruwa kusa da Wara, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramin babur ɗinsa, wanda aka fi sani da Mai Farar Safa.

Waɗanda suka san Almustapha sun san shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana goye. Manyan babura sun fi ƙarfinsa, don ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Ya girma sai an ɗauke shi yake zuwa ko'ina, har ranar da ya hangi marigayin a yashe bayan rumfar wani makanike a Yelwa, duk tsatsa, kaji na ƙwai a gindinsa. Ya zauna a kai, tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Bai bar wurin ba sai da shi.

Shi da kansa ya kankare tsatsar. Kan launi kuwa an sha gardama a gida. Ƙanwarsa Salma ta ce ja, shi yana son ruwan bula, Inna ta ce, "Ku dai shafa abin da ag garai." Abin da ke akwai shi ne ragowar koren fentin kwalekwalen wansa, shi aka shafa.

Tayoyin ne suka ba shi wahala, don so yake su yi fari kamar an sa musu safa. Ya fara da farar ƙasa, ruwan farko ya wanke ta. Ya gwada fentin bango, ya tsattsage kafin ya kai kasuwa. Daga bisani ya kifa murfin tukunyar Inna a kan taya, ya zagaya da farin fentin mai da gashin kaza. Da'irar gaba ta ɗan karkace, amma ba wanda ya isa ya faɗa a gabansa.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da yawan ci. Ya kai mai shi sallar Juma'a, ya kai shi kasuwar Yauri, ya kai shi hira wurin Shamsiyya har aka sa rana. Tun daga nesa ake jin sallamarsa: "fat-fat-fat, kuf!"

Ciwon ajali ya same shi da daminar bana, lokacin da ruwa ya cika ya shigo gida, marigayin ya sha har ya ƙoshi. Daga nan sai tari da baƙin hayaƙi. Bashiru makanike ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai ya ce, "Wanga inji ya gama, Malam. Kayanai ko Kontagora babu." Ranar Talata ya yi "kuf" ɗinsa na ƙarshe a kan hanyar gida, aka dawo da su biyun a amalanken shanu.

Ya rasu ya bar mai shi, da tayoyi biyu masu sauran haske, da rabin gwangwanin fenti.

Za a yi masa wanka bayan la'asar, a kwantar da shi ƙarƙashin rumfa a lulluɓe da tsohuwar koma. Ana roƙon masu sayen tsohon ƙarfe su yi wa Allah kada su halarta. Zaman makoki a ƙofar gida ne, kuma ba a yanke ranar tashi ba. Masu ta'aziyya su zo duk lokacin da suka samu hali, za su tarar da Almustapha.