Yadda Ake Zaɓen Tsawon Bututun Libarba Ba Tare da An Taɓa Harbi Ba

Kai mai libarba a ƙarƙashin matashin kai, wanda gabanka ke faɗuwa duk ranar da aka ce "ɗauko ta", matso kusa. In ka bi matakan nan yadda suke, na yi maka alkawarin shekara goma sha biyar cur ana kiranka gwanin bindiga, kana zaune a inuwa, yatsanka bai taɓa jan kunama ba. Dabarar ba tawa ba ce. Ta Chindo ce, tsohon soja na wani ƙauye kusa da Gangara, kuma ta yi masa aiki kowace rana in ban da guda ɗaya.

Mataki na 1: Samu bindiga, ka rasa harsashi

Mutane sun ɗauka duk wanda ya je soja ya iya harbi. Ban san wanda ya fara faɗin haka ba, amma kada ka gyara musu. Chindo ya je yaƙin Jamus, gaskiya ne. Abin da bai cika faɗa ba shi ne, shekara huɗun da ya yi can, wankin kayan wani hafsa, kapiten, ya yi. Ya dawo da hula, da tari, da wata ƙaramar bindiga libarba naɗe cikin tsohon wandon kapiten ɗin. Harsashi ko ɗaya babu.

Haka ake so. Bindiga mai harsashi fitina ce, wata rana sai an ce ka gwada. Marar harsashi kuwa sai dai a shafa ta da man gyaɗa ranar Juma'a, a riƙa lumshe ido ana cewa, "Allah kada ya maimaita mana abin da muka gani."

Mataki na 2: Zaɓi inuwa tun da wuri

Ka san abin da kake karewa. Ba suna kawai ba ne, bayanka ne. A ƙauyen su Chindo, duk ranar gayya, in maza sun jeru da hauya, shi ba ya cikin layi. Yana gindin tsamiya da bindiga a cinya, wai yana tsaron gona. In mata sun kawo fura, shi ake fara miƙa wa ludayi.

Tsamiya za ka zaɓa. Kada ka yarda da gawo, da damina ba shi da ganye ko na rantsuwa.

Mataki na 3: In an matsa, ka mayar da tambaya

Shekarar da muka samu 'yancin kai, wani gadu ya samu nasa shi ma. Ƙaton alade ne na daji, haurensa kamar lauje, ya mai da gonakin gyaɗa ɗakin cin abincinsa. Maigari Hashimu ya aika aka kira Chindo gaban jama'a.

"Soja, yau ranarka ta zo. Nasara ya tafi, ba wanda zai tambaye ka takardar bindiga. Ka raba mu da wannan ƙazamin."

Kowa ya zuba wa Chindo ido. Amma dubi abin da gwani ke yi. Ya gyara hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane harsashi?"

Jama'a suka dubi juna.

"Harsashi iri biyu ne," in ji shi. "Akwai na darma zalla, wanda ake narkawa a zuba. Akwai mai riga, wanda aka lulluɓe darmarsa da jan ƙarfe. Kowanne da tsawon bututun da yake so. In aka haɗa su ba daidai ba..." Sai ya girgiza kai, ya bar maganar a nan.

Ka lura da wannan sosai. Jimlar da ba a ƙarasa ba ta fi littafi uku ilimi.

Mataki na 4: Duk wanda aka kawo, bututun ne bai dace ba

Jaye maƙeri mutum ne da ba ya barin magana ta kwana. Washegari ya narka darma, ya zuba dunƙule bakwai irin na bindigar maharba, ya kawo su cikin 'yar jakar fata. Ba wanda ya tambayi inda albarushin zai zauna. Shi ma Chindo bai tambaya ba, don bai san ana tambaya ba.

Ya ɗauki ɗaya, ya ɗan cije shi, ya auna bututun da taƙi. "Kash. Darma taushi gare ta, kamar yaron goye take. Sai an bi da ita doguwar hanya kafin ta koyi tafiya miƙe. Tawa gajera ce. Da dai mai riga ne."

Kwana tara ya samu da wannan. A na goma sai ga Tala direban kamiyo, babbar motar kaya, ya dawo daga Maraɗi da harsashi uku masu riga, suna ƙyalli, wani tsohon gadi ya ba shi.

Chindo ya juya su a tafin hannu, ya sake auna bututun nan dai da ya auna. "Kash. Mai riga zafi yake ji. Ka taɓa ganin mai babbar riga yana son dogon lungu? Tawa ta yi masa tsawo da yatsa biyu."

"Soja," in ji Tala, "makon jiya ka ce gajera ce."

"Ga darma gajera ce, ga mai riga doguwa. Kai kamiyonka, gudunsa da kaya da gudunsa ba kaya ɗaya ne?"

Tala ya gyaɗa kai. Mutumin da aka ba misali da sana'arsa ba ya ƙara musu, sai ya ga kamar shi ya yi nasara.

Mataki na 5: Ji tsoron mai ɗaukar maganarka da gaske

Mai ƙaryata ka ba abin tsoro ba ne. Wanda ya yarda da kai ɗari bisa ɗari, shi ne bala'i.

"Yatsa biyu kawai?" in ji Jaye. "Ai wannan aikin hantsi ne. Kawo ta."

Maigari na kallo, rabin gari na kallo. Chindo ya miƙa ta kamar mai miƙa ɗansa ga wanzami. Jaye ya sa zarto. Da guntun ya faɗi, sai ga gidan zanzaro a ciki, laka ta bushe ƙam, hawa uku.

"Na kariya ne," in ji Chindo da sauri. "Hana tsatsa. Haka muke yi a can."

Aka zo sa harsashin Tala. Allah da ikonsa, ya fi ramin ƙiba. An tura, an murɗa, an shafa mai, ya ƙi. Chindo ya ji sanyi har tafin ƙafa. "To kun gani. Sai darma. Ga shi kuma kun gajarce mini bindiga."

"Ba komai," in ji Jaye. "Tsawo nawa darma ke so?"

A nan Chindo ya yi kuskurensa. Maimakon ya sake barin jimla a buɗe, ya nuna tun daga ƙasa har ƙugunsa, yana ganin ba mai iya wannan. Kwana biyu Jaye ya dawo da libarba an haɗa mata ƙarfen wani mataccen keke. Da ka gan ta sai ka ce sandar makaho ce ta yi kai.

Mataki na 6: Kada ka rataye jakar darma inda matarka ke rataye kwano

Batulu matar Chindo ta san komai tun shekarar farko, ranar da wani ya fasa tulu a bayansa, Chindo ya shige rumbu. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Amma shekara goma sha biyar tana noma gamanarta, 'yar gonarta, ita kaɗai, mai gida na tsaron inuwa.

Tana da wani babban kwano da ya huje wuri bakwai. Darmar Jaye kuma dunƙule bakwai ce. Mace mai hankali ba ta ganin irin wannan dacewa ta wuce. Ranar kasuwar Gangara ta kai wa mai liƙin kwanoni, ya narka, ya toshe mata ramukan tsaf. Don kada jakar ta yi sakayau, ta zuba ƙwallon magarya bakwai ta ɗaure.

Da safen gayyar cirar gyaɗar maigari ta ce, "Malam, in kana da wata magana da za ka gaya wa mutane, yau ce ranar faɗinta."

"Mace me ta sani game da bindiga?"

"Ba komai, Malam. Allah ya ba da sa'a."

Mataki na 7: Tsaya kusa da bishiyar da ke hawuwa

Rana ta yi hantsi, makaɗi na kiɗa, maza na tono, sai ga gadu ya fito daga cikin sabara, wutsiya a miƙe sama. Kiɗa ya tsaya. Kowa ya juyo wajen tsamiya.

"Soja! Ga shi nan! Soja!"

Chindo ya miƙe da sandarsa ta ƙarfe, ya kwance jaka, ya zazzage a tafi. Ƙwallon magarya. Ya dube su, ya dubi gadu. Gadu ya dube shi, ya tako.

Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana cewa gwiwarsa ta lalace a yaƙi, kafin a ce kwabo yana reshe na uku. Bindiga kuwa tana ƙasa.

Daidai nan Batulu ta iso da ƙwaryar fura a ka, ta kife kwanon nan a kan ƙwaryar don ƙuda. Ta sauke ƙwarya a hankali, don fura ba ta yi laifin komai ba. Ta ɗaga kwano da hagu, ta ɗauki bindigar miji da dama, ta riƙe ta ta wajen bututu, ta maka wa kwanon. Ta sake makawa. Karo na farko ke nan da libarbar kapiten ta yi ƙara a ƙasar Hausa, kuma an ji ta har ƙauyen gaba. Gadu ya yi wata irin juyawa, ya bi ta cikin sabara, bai ko waiwayo ba.

Mataki na 8: Yi bayani, ko daga ina kake

Gwani ba ya yin shiru don yana kan bishiya.

"Kun gani?" Chindo ya ƙwala daga sama. "Darma da dogon bututu! Me na gaya muku tun farko?"

Maigari Hashimu ya share hawayen dariya da hannun riga. "Gaskiyarka, Soja, ba mai musu. Iliminka ya tabbata. Sai dai tsaron gona na wanda ya iya aiki da shi ne. Batulu, daga yau tsamiya taki ce, da kwanon, da bindigar."

"Na gode, ranka ya daɗe. Ludayin farko fa?"

"Har da shi."

Chindo ya sauko a hankali, gwiwar ta tuna da ciwonta. Jaye na jiransa a gindi, fuskarsa ba alamar wasa, don shi bai taɓa yin wasa da aiki ba.

"Soja, zan ƙera maka hauya yau ɗin nan. Ƙotar, doguwa kake so ko gajera? Ka yi tunani da kyau. Ko wacce ka zaɓa, tana shiga ƙasa."

Abin da ba ruwana da shi

Na yi alkawarin shekara goma sha biyar, ban ce komai game da ta sha shida ba. Wanda ya kai bindigarsa maƙera, wanda ya haɗa ta da keke, wanda jandarma suka tambaye shi takarda, kowa ya ji da kansa, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Wanda kuma yake son sanin ainihin tsawon da ya dace da darma da mai riga, ya je gindin tsamiyar nan ya tambayi Batulu. Amma ya bari sai ta farka, ba ta son a tashe ta lokacin aiki.