Ƙaramin Wa?

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wata Baturiya ta koya mini sunan kawuna ba. Eh, daidai kuka karanta. Kawuna, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na tashi ina cin tuwon gidansa tun ban iya wanke hannu da kaina ba.

Abin ya faro ne lokacin da na samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a ta ƙasar waje (ba zan faɗi ƙasar ba, don har yau idan aka ambace ta a rediyo sai gumi ya keto mini). Kawu, wanda dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum, ya ce shi zai ɗauki nauyin karatun. Abu ɗaya ya rage, biza. Idan ba a buga mini ita ba kafin a fara karatu, gurbin na bana ya wuce ni.

Ni kuwa a raina an riga an buga. Tun kafin a ba ni ranar ganawa a ofishin jakadanci na fara sallama da jama'a. Na je Fika na yi wa dangin Inna ban kwana, tsofaffi suka yi ta sa mini albarka har da masu hawaye. Na rabar da tsofaffin kayana. Na sayi ƙatuwar rigar sanyi a gwanjo, na sa ta a watan Afrilu na ɗauki hoto (duk wanda ya san ranar Potiskum a Afrilu ya san wannan ba aikin mai cikakken hankali ba ne). A majalisa suka fara kirana Bature, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Shiri kam na yi, kada a zalunce ni. Na cika littafi guda da tambayoyin da aka ce ana yi, na haddace amsoshin da Turanci. Na san sunan shugaban sashen da zan yi karatu, na san titin da ɗakin kwanan ɗalibai yake, har sunan kogin da ya ratsa garin na sani. Murmushi ma sai da na yi masa atisaye a gaban madubi. Da na zo kan tambayar wa zai ɗauki nauyinka, sai na rubuta "kawuna", na wuce abina.

Oga Emeka mai shagon intanet ne ya cike mini fom. Shi ya kwafi sunan Kawu daga katinsa na ɗan ƙasa, ni kuwa ina bakin ƙofa ina waya, ina sanar da wani aboki cewa tafiya ta matso. Da ya miƙo mini ambulan ya ce, "Bature, ka zauna ka karanta takardun nan fa, duka." Na ce, "Oga, ni da na rubuta littafi guda a kan harkar nan?" Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan na'urarsa.

A nan bari in ɗan kare kaina. A gidanmu babu mai furta sunan Kawu. Inna tana ce masa Yaya, domin shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Matarsa tana cewa Alhaji. 'Yan kasuwa suna cewa Alhaji Dogo. A wayata kuwa Kawu na rubuta. Ni ma ba a kirana da sunana na yanka a gida, Ƙarami ake ce mini. Da yake ni ne auta, kuma Allah bai ba ni tsawo ba, ban taɓa ganin abin tambaya a ciki ba.

Ranar ganawa na isa ofishin a Abuja cikin kwat, na bi layi, har aka kira ni gaban wata taga ta gilashi. Baturiya ce a zaune, dattijuwa mai tabarau. Ta tambaye ni me zan karanta, na zuba mata hadda. Ta tambaye ni me ya sa na zaɓi jami'ar, na sake zubawa, har da kogin. Sai da ta ɗaga mini hannu na tsaya. A raina na ce yau Turanci ya gamu da mai shi.

"Wa zai biya maka kuɗin karatu?" ta tambaya.

"Kawuna," na ce, tare da murmushin madubi.

"Yaya sunansa?"

Jama'a, na buɗe baki, na tarar babu komai a ciki. Na leƙa ƙwaƙwalwata lungu-lungu: ga shugaban sashe, ga titi, ga kogi, amma babu Kawu.

"Kawu," na ce.

Ta duba takardar gabanta, ta dube ni. "Cikakken sunansa nake so."

"Alhaji Kawu."

Ta ɗaga gira.

"Alhaji Dogo," na gyara.

Ta gyara zaman tabaranta. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ai rabin mazan garinmu Muhammadu ne, in gwada sa'ata. Na ce, "Muhammadu?" Da muryar tambaya fa na faɗa, kamar ita ce 'yar ƙanwarsa.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Takardar Kawu ta manna a jikin gilashin, ta ɗora fasfo ɗina a gefenta, ta nuna nan da yatsa, ta nuna can. Sunan yankanmu ɗaya ne, harafi da harafi.

"Sunanku ɗaya da shi," ta ce a hankali.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Wani da ke tagar kusa da ni, da alama ɗan Arewa ne, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Aka turo mini fasfo ɗina babu biza, da wata 'yar takarda mai cewa ba a gamsu da alaƙata da mai ɗaukar nauyina ba. Wallahi ban ga laifinta ba, ni ma a lokacin ban gamsu ba.

Tun daga Abuja har Potiskum addu'ata ɗaya, motar nan ta lalace a hanya. Ba ta taɓa gudu lafiya irin na ranar ba.

Da na ba Inna labari, na zaci za ta yi kuka. Dariya ta yi har ɗankwalinta ya zame. "Yo kai da ake ce maka Ƙarami, kana zaton ƙaramin wa ne? Sunan Yaya aka sa maka, shi ya sa ba na iya kiranka da shi."

Tana cikin share hawaye Kawu ya yi sallama. Ya zauna ya saurari komai, bai ko murmusa ba. Akwai wata kalmar Bolanci, harshen dangin Inna na Fika, da yake kirana da ita tun ina yaro (ni Bolancina bai wuce gaisuwa ba). Ya maimaita ta, ya ce, "Wannan fa, me kake zaton take nufi?"

"Kawu, na ɗauka 'zo nan' ce."

"Takwara take nufi." Ya girgiza kai. "Shekara ashirin da biyar! To, zan sake tsaya maka baɗi. Amma faɗi sunana in ji."

Ga Inna zaune, ga shi yana kallona. Wane ɗan arziki ne zai kama sunan kawunsa a gaban idonsa? Na sunkuyar da kai.

"To, bar nawa. Faɗi naka."

Nan ma na kasa. Sai a lokacin ya tuntsure da dariya.

Aboki ɗaya tak na faɗa wa, a asirce. Kafin la'asar majalisa ta sauke ni daga Bature ta naɗa ni Alhaji Kawu, kuma har yau sunan bai bar ni ba. Jami'ar ta ɗaga mini gurbin zuwa shekara mai zuwa. Da na koma ofishin jakadancin, na samu bizar, kuma babu wanda ya tambaye ni sunan kowa. Duk da haka sai da na faɗa, har da na kakansa.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya haddace sunan kogin garin wasu, ya fara tambayar sunayen mutanen da ke ciyar da shi. Idan kuma kuna jira in faɗa muku sunana, ku yi haƙuri. Sunan kawuna ne, bakina ba zai iya ba.